Kana wanke koyil, wa zai wanke maka huhu?

1/
Yau zan ɓata wa mutane rai, kuma yawancinsu abokaina ne, wasu ma da kuɗinsu nake cin abinci. Ni mai gyaran waya ne a Unguwar Shanu, nan Kaduna. Daga yau na daina wanke wa kowa koyil ɗin sigarin lantarki, ko nawa zai ajiye. Zaren da ɗan tsawo, a daure a kai ƙarshe kafin a fara zagina.

2/
Ga wanda bai gane ba: abin nan ne da samari ke ce wa vape, wasu su ce shisha fen. Wani kamar biro, wani kamar kwalin ashana. A zuƙa, hayaƙi ya fito da ƙamshin mangwaro ko kankana ko na'a-na'a. Daga Abakpa zuwa Unguwar Kanawa har Kawo, zauna a majalisar samari bayan isha'i, hancinka zai ba ka labari.

3/
Kada wani ya ce ustazanci ne ya motsa min. Ni da hannuna na yi aikin nan kusan shekara biyu. Farko wani ya kawo nasa wai ba ya caji, na jona wayar da ta tsinke a ciki, ya ba ni ɗari biyar. Kafin wata guda labari ya zaga cewa akwai mai gyara a layin nan.

4/
Daga gyaran caji aka koma, "Oga, ɗanɗanon ya koma ƙauri, ɗan wanke min." Na wanke. "Oga, ruwan ya ƙare, ɗura min wannan." Na ɗura. Kuɗi na shigowa, ban taɓa tambayar kowa shekarunsa ba. Don haka duk abin da zan faɗa a kan teburina na gan shi, ba a TikTok na ji ba.

5/
Bari in buɗe muku cikinsa. Abu uku ne: batir, tankin ruwa, sai ɗan murhun da ke tsakiya, wanda masu harkar ke kira atomaiza. Duk rigimar a murhun nan take. In ka taɓa gyara risho ka gama gane shi: akwai lagwani, akwai wuta, akwai abin da lagwanin ke tsotsowa.

6/
Lagwanin nan auduga ce. An naɗe ta da siririyar waya, ko an manna mata 'yar ragar ƙarfe, shi ne koyil. Kana zuƙa batir ya turo wuta, wayar ta ɗauki zafi nan take, ruwan da audugar ta sha ya tashi. Wayar kuwa gaurayen ƙarafa ce: wata baƙin ƙarfe da kuromiyam da alminiyam, wata nikel da kuromiyam.

7/
Masu cewa "ai tururin ruwa ne kawai", ku ɗiga ruwan a yatsa ku ji danƙo. Gilisarin ne da wani sinadari mai suna furofilin gilaikol, sai nikotin, sai kayan ƙamshi da na zaƙi. Su ake dafawa a kan wayar nan. Zuƙa ɗaya, dahuwa ɗaya, kai tsaye zuwa ƙirji.

8/
'Yar'uwa, kin taɓa mantawa da alawar madara a wuta sukarin ya kama gindin tukunya? Haka zaƙin nan ke yi a jikin koyil. Yau ruwan ƙasa, gobe baƙi, jibi ya zama ƙanzo mai danƙo kamar kwalta. Audugar da aka saka fara tas, sai ka ciro ta kamar tsumman bakanike.

9/
Wannan ƙanzon shi ake kawo min in wanke. Duk ranar da na kankare shi a kan farar takarda, mai abin sai ya yamutsa fuska ya ce, "Kai, ƙazanta!" Ɗan'uwa, a kan ƙazantar nan aka dafa duk abin da ka zuƙa satin nan. Koyil dai ya samu mai wanke shi. Huhunka wa zai kwance ya wanke?

10/
Mu bi dabarun wankin ɗaya bayan ɗaya, don na san su duka, wasu ma na yi su. Ta farko: jiƙa koyil a sifirit. Sifirit na goge fata ne da kayan aiki, an ma gauraya shi da abin da zai hana mutum sha. Auduga kuwa aikinta tsotsa. Ta sha ta ƙoshi, ka mayar, ka kunna mata wuta, ka zuƙa.

11/
Ta biyu: omo da tsohon buroshi. Akwai ma wanda ya taɓa ce min in ɗan sa fetur, wai ai da shi ake wanke kafireta. Na dube shi na ce, baaba, janareta ba shi da huhu. Abin da ya shiga audugar nan ba ya fita duka, ko kwana ka yi kana ɗauraya.

12/
Ta uku ta fi muni: ƙonawa a bushe. A danna ba ruwa har wayar ta yi jawur, wai ƙanzon ya ƙone ya kaɗe. To audugar da ke manne da wayar fa? Ita ma ta babbake. Daga nan duk zuƙar da za ka yi a kan ƙonanniyar auduga ce, wadda ba ta iya jan ruwa yadda ya kamata.

13/
In auduga ba ta jan ruwa, zafi sai ya wuce kima. In zafi ya wuce kima, gilisarin da abokin haɗinsa su tarwatse su koma wasu sinadarai. Ɗaya daga ciki fomaldihaid ne, wanda ruwansa ake kira fomalin, ake adana gawa da shi. Hukumar binciken ciwon daji ta duniya ta sa shi a jerin masu jawo wa ɗan Adam ciwon daji.

14/
Ƙaurin nan da ke shaƙe ka har ka yi ta tari hawaye na zuba, da kuke cewa "ɗanɗano ya gudu", jikinka ne ke maka ihu. Mu kuma maimakon mu ce a jefar, sai mu ce kawo a wanke, a ƙara kwana uku a kai.

15/
Sai ƙarfen kansa. A 2018 masu bincike a Jami'ar Johns Hopkins ta Amurka sun karɓi na'urorin mutum 56 masu sha kullum, suka gwada ruwan da tururin. Sun sami dalma, nikel, kuromiyam da manganis a tururin. Ruwan da ya zauna a tanki tare da koyil kuma ya fi na cikin kwalba ƙarfe nesa ba kusa ba.

16/
Wannan fa a Amurka ke nan, inda sabon koyil ba ya wuyar samu. Namu da ake kankarewa da allura, a gasa, a jiƙa, a shanya a rana, a sake gasawa, kowa ya yi wa kansa lissafi.

17/
Mu zo kan na yarwa, wanda ya fi yawa a hannun yara: ka sha, ya ƙare, ka jefar. Ba a yi shi don a buɗe ba, shi ya sa ko noti ɗaya babu a jikinsa. Amma sai a sa sukundireba a ɓanɓare, a ɗura ruwa da sirinji, a liƙe da salatif, a ce ya koma sabo.

18/
Batirin ciki litiyam ne, ɗan'uwan na wayarka. Mu masu gyara mun san abin da ke biyo baya in tsinin sukundireba ya huda shi: huci, tartsatsi, wutar da ba ta jin hurawa. Wayarka in batir ya kumbura da gudu kake kawo min. Wannan kuwa a baki kake sa shi, ƙasan idonka.

19/
Ƙara da zafin Kaduna na Maris da Afrilu. A bar shi a gaban mota rana ta gasa. A jona shi da duk cajar da aka samu in an kawo wuta, a kwanta barci. Ko a jefa batirin tsirara a aljihu tare da makulli. Ranar da makulli ya haɗa kai da gindi, cinyarka ce za ta biya.

20/
Ruwan ɗurin kuma sai addu'a. An kawo min a kwalbar da ba suna ba kwanan wata. An kawo wanda aka sirka da filebon kek don ya auku. Wani ya ce in ɗiga masa turare. Jama'a, abin da ciki ya karɓa ko fata ta karɓa, ba dole ne huhu ya karɓa ba.

21/
Amurka ta ga haka a 2019. Matasa suka riƙa cika asibitoci numfashi na gagara. Zuwa Fabrairun 2020 hukumar CDC ta ƙirga mutum 2,807, a ciki 68 sun mutu. Da aka bi sawu, yawanci ruwan wiwi ne na bayan fage da aka sirka da wani nau'in man bitamin E.

22/
Bitamin E fa, wanda ake sawa a man shafawa. A fata lafiya lau, da ya shiga huhu ya zama ajali. Kada ka ce ai naka ba wiwi. Inda bala'in ya fito shi ne ɗurin da ba a san wanda ya haɗa ba. Mu kuma me muke yi da sirinji a bakin titi?

23/
Ga batun baki. Abu ɗaya ya zaga mutum shida a majalisa, kowa ya sa leɓe, a goge da gefen riga a miƙa. Ga ƙurar hunturu a ramin, ga dattin aljihu. Muna yankin da sanƙarau ke leƙowa lokacin zafi, kuma ta yawu da numfashi ƙwayar ke bi. Kai da ko kofinka ba ka so a sha maka.

24/
Zan yi adalci, akwai abin da ke wankuwa. Irin mai tankin da ake kwancewa: tankin, murfin baki, da robobin da ke hana yoyo. Ruwan ɗumi zalla, ba sabulu ba sifirit, a bar su su bushe sarai kafin a haɗa. Ramin caji a goge da busasshen abu. Iyakar wankin ke nan.

25/
Koyil mai auduga a ciki canza shi ake. Su kansu masu ƙerawa cewa suke bayan sati ɗaya zuwa biyu a sa sabo, a ɗiga masa ruwa, a jira 'yan mintuna audugar ta jiƙa kafin a kunna. Na yarwa kuwa sunansa ma ya yanke masa hukunci.

26/
To me ya sa ake wankewa? Mu daina ɓoye-ɓoye, babu ce. An sayi abu don a burge, kuɗin riƙe shi ya gagara. Gayu na sama, aljihu wayam, sai a bar huhu ya cike giɓin. Abin da muke kira tsafta talauci ne aka fesa wa ƙamshin kankana.

27/
Yanzu abin da ya tsayar da ni. Watan jiya wani yaro ya kawo min ɗaya, shuɗi, gindinsa naɗe da jan salatif. Karo na uku ke nan yana kawo shi. Na wanke na ba shi da la'asar. Da daddare na shiga ɗakinmu neman caja, na ɗaga katifar ƙanina. Shuɗi. Jan salatif. Naɗin hannuna.

28/
Ashe yaron ɗan aike ne. Ƙanina, ɗan aji biyar a sakandare, shekararsa 16, ya san in ya kawo da kansa zan saɓa masa, sai ya riƙa turo abokinsa. Ni na wanke masa koyil sau uku. Ni na ɗura masa ruwa. Na karɓi kuɗin da wataƙila ni na ba shi na tara.

29/
Wata biyu yana tarin dare. Umma na ta dafa masa citta da kanumfari, tana ba shi zuma da lemun tsami, tana cewa sanyi ne ya kama auta. Ni kuma ina gefe ina "Allah ya sawwaƙe". Wallahi ban taɓa jin kunyar kaina irin ta daren nan ba.

30/
Na zaunar da shi na ce me ya kai ka? Ya ce, "Yaya, ai ba taba ba ce, kuma kullum a wanke take." A wanke. Kalmar da ta kwantar masa da hankali ke nan, kuma daga teburina ta fito.

31/
Na san abin da wasu ke shirin rubutawa: "Ai Turawa sun ce ya fi sigari sauƙi da kashi 95." E, hukumar lafiyar al'umma ta Ingila ta faɗi haka a 2015. Amma da wa take? Da babban mutum da taba ta riga ta kama, ana nema masa hanyar sauka. Ɗan sakandaren da bai taɓa riƙe kara ba ba ya cikin zancen.

32/
Kuma a Birtaniya doka ta ƙayyade nikotin, kada ya wuce miligiram 20 a kowace mililita. Juya naka ka duba. Yawancin waɗanda suka bi ta hannuna 5% ne a rubuce, wato miligiram 50, ninki biyu da rabi. Ita Birtaniyar ta hana sayar da na yarwa tun 1 ga Yunin 2025. Indiya ta hana harkar gaba ɗaya tun 2019.

33/
Sannan a lissafin kashi 95 ɗin nan babu koyil ɗin da ya kwana a sifirit, babu filebon kek, babu salatif. Haba, kada ka aro hujjar Landan ka kare aikin bakin kwata.

34/
Wanda ya ƙirƙiro na zamanin nan a 2003, Hon Lik, ɗan China ne mai haɗa magunguna. Mashayin taba ne, kuma ciwon dajin huhu ne ya yi ajalin mahaifinsa. Ƙofar fita daga taba mutumin yake nema. Mu a nan ta cikinta yaranmu ke shiga.

35/
"Nawa ba nikotin." Wa ya gwada maka? An sha gwada masu wannan rubutun a ƙasashen waje a tarar da shi a ciki. Ga gwaji kyauta: ajiye shi kwana uku. In ka fara jin haushin kowa, kai na sarawa, hannu na laluben aljihu, ka samu amsa. Ƙwaƙwalwa ba ta gama ginuwa sai wajen shekara 25, nikotin kuma ya fi saurin kama ɗanyen kai.

36/
Abokan sana'a, masu gyara da masu caji da masu sayarwa: ɗari biyar ba ta kai ba. Dokar taba ta ƙasa ta 2015 ta hana sayar da taba ga wanda bai kai 18 ba, kuma nikotin ɗin taba shi ne a nan. In yaro ya miƙo maka, ka ɗauka ƙaninka ne ya aiko. Ni dai nawa ne ya aiko.

37/
Masu bidiyon "sabunta koyil ɗinka a minti biyu", ku kuna tara mabiya, 'ya'yan mutane na tara majina. In kun isa, ku kawo audugar kusa da kyamara kafin ku wanke, ku bar masu kallo su gani da kyau, sannan ku ci gaba da darasin.

38/
Iyaye da yayye, abin nan ba ya warin taba. In ɗaki na ƙamshin alawa babu alawa, ko wata 'yar na'ura kamar maka tana caji a bayan gado, ku tambaya. 'Yan mata ma suna ciki, a jaka ake ɓoyewa tare da kayan kwalliya. Kuma duka ba ya cire nikotin. Na fara da faɗa ban ci riba ba, zama da magana ne ya yi aiki.

39/
Mai son bari: satin farko ne mai wuya, daga nan sauƙi na zuwa a hankali. Faɗa wa mutum ɗaya da kake jin nauyinsa. Ƙaurace wa majalisar na ɗan lokaci. In ya gagara ga likita, asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya da ke Barnawa na da sashen masu son rabuwa da shaye-shaye, zuwa can ba hauka ba ne. Tarin da ya wuce sati biyu ko ciwon ƙirji kuwa, asibiti kai tsaye.

40/
Don Allah kada a jefa shi a bola. Yara na tsinta su tsotsa, in kuma aka cinna wa bolar wuta batirin ya fashe. Kawo min, zan cire batirin kyauta, sauran in fasa da guduma a gabanka. Wannan ne kaɗai gyaransa da ya rage a teburina.

41/
Ƙanina yau kwanansa 19 bai taɓa ba. Tarin ya ragu, fushin bai gama sauka ba, jiya ma ko gaishe ni bai yi ba. Na yarda. Umma har yanzu ta ɗauka cittarta ce ta yi aiki, mun bar ta a haka.

42/
Wanda zaren nan ya ɓata wa rai, wurin sharhi a buɗe yake. Amma kafin ka rubuta, kwance naka, ciro audugar, ɗora ta a farar takarda, ɗauki hoto ka haɗo min da zagin. Sauran kuma ku tura wa ƙannenku. Allah ya tsare mana su, ya yafe mana abin da muka yi da hannunmu.